Darasi na Tara: Gane Halin Yaro ta Hanyar Wasan Kwaikwayo

A cikin birnin Zariya rabin hidimar gida a ƙafar yara take tafiya. Tun da sassafe ake aiken yaro sayo koko da ƙosai, a tura yarinya kai niƙa, a ba wani saƙon dubiya ya kai Unguwar Juma ko Kwarbai, wata kuma ta ɗauki farantin talla ta bi lungu-lungu har bakin Ƙofar Doka. Matan aure da yawa ba sa zuwa kasuwa, saboda haka yaro ne mai saye, shi ne mai sayarwa, shi ne mai karɓo bashi. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan yara. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zazzau ya san a nan ma haka abin yake.

Ke nan yaro ɗan shekara takwas yana haɗuwa da manya shi kaɗai sau da yawa a yini: mai shago, mai injin niƙa, ɗan acaɓa, samarin da ke zaune a dakali. In an rage masa canji, me yake yi? In wani babba ya ce ya zo ya raka shi wani wuri, me yake cewa? Uwa tana cikin gida, uba yana wurin nema. Abin da suke gani kawai shi ne yaro ya dawo yana kuka, ko ya dawo da riga a yage, ko ya dawo shiru. Wannan shirun ya fi sauran biyun ban tsoro, domin ba ya gaya wa kowa komai.

Darasin yau zai koya mana wata hanya mai sauƙi ta gane yadda yaro yake mu'amala da mutane, da kuma ko yana iya buɗe baki ya kare haƙƙinsa cikin ladabi. Ana shirya ɗan gajeren wasan kwaikwayo, a kwatanta wani abu da yakan faru a unguwa, a bar yaro ya nuna abin da zai yi, babba kuma yana gefe yana lura. Ba a kashe ko kwabo. Uwa za ta iya, yaya za ta iya, malamin Islamiyya da na firamare za su iya.

Hali uku

An aiki yaro da naira dubu ya sayo sabulu na ɗari bakwai, mai shago ya miƙo masa ɗari biyu. Yaro na farko ya ƙirga, ya san saura ɗari, amma ya sunkuyar da kai ya tafi. A gida sai ya ce kuɗin faɗuwa suka yi, ya sha duka a kan laifin da ba nasa ba. Na biyu ya ɗaga murya, ya kira mai shago ɓarawo, ya tara masa jama'a. Na uku ya tsaya ya ce, “Baba, yi haƙuri, dubu na ba ka, saura ɗari.” Mai shago ya ce a'a, yaron ya sake maimaitawa ba zagi ba tsiwa, da abin ya ƙi sai ya ce bari ya je ya kira na gida.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da kasa martanin yara kashi uku kamar haka: noƙewa, zafin kai, da tsayawa kan gaskiya cikin natsuwa. A 1979 wani masani mai suna Robert Deluty ya tsara jerin tambayoyi da ake yi wa yara don a ga wanne daga cikin ukun ya fi rinjaye a halinsu.

Mai zafin kai ba ya ɓoyuwa. Kullum ana kawo ƙararsa, ana ce masa fitsararre, mai tsaurin ido, kowa a unguwa ya san da zamansa. Mai noƙewa shi ne yake kuɓuce mana, domin yabonsa muke yi. Sai ka ji ana cewa salihi ne, ba ruwansa, ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Wani lokaci gaskiya ne, haƙuri ne da sanyin hali da Allah ya ba shi. Wani lokaci kuwa tsoro ne tsagwaronsa, kuma irin wannan yaron ne masu mugun nufi suke nema. A ganina shi ya fi kowa buƙatar a zauna a lura da shi.

Kunya da buɗe baki

Wasu daga cikinku za su ce: ashe ba so ake a koya wa 'ya'yanmu rashin kunya ba? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan unguwannin Kona da Juma.

Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun kawo hadisin Sahlu ɗan Sa'adu. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha. A damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Ƙa'ida ita ce a fara miƙa wa na dama, sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan. Yaron bai yarda ya bar wa kowa rabonsa na sauran abin da Annabi ya sha ba. Ba a tsawata masa ba, ba a ce ya yi rashin kunya ba, a hannunsa aka ɗora ƙwaryar. Ku lura da abu biyu a nan: babba ya nemi izinin yaro, yaro kuma ya faɗi abin da ke ransa a gaban manya.

Akwai kuma labarin Abdullahi ɗan Umar. Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ya gane dabino ake nufi, amma da ya ga shi ne ƙarami a wurin sai kunya ta hana shi magana. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyadina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa.

A al'adarmu ma haka ne. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa wani ɗan littafi a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, inda ya jera kunya da ladabi da haƙuri tare da gaskiya da amana da mutunci. Yaron da aka ba amanar kuɗin aike ya bari aka cinye saboda nauyin baki, kunyarsa ta ci amanarsa. Abin da muke nema shi ne yaro ya haɗa duka: ya durƙusa ya gaida babba, kuma in ta kama ya iya ce masa a'a.

Inda dabarar ta fito

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ga yaran birni. Da azumi ya kai kwana goma ake fara tashe. Yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama mai magani, yarinya ta sa babbar riga da hula ta fito a maigida, ƙawarta ta fito a amarya. 'Yan mata suna bikin 'yar tsana da lefe da kai amarya da komai. A nan Samaru kuma, tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka da unguwanni, ana shirya wasa tare da jama'a a kan matsalolinsu, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo mafita.

Amfani da kwaikwayo wajen nazarin hali kuwa, wani likita ne mai suna Jacob Moreno ya yi fice da shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 1920, kafin ya koma Amurka a 1925. Daga baya masana suka mai da shi ma'auni. A 1977 wasu masu bincike uku a Amurka, Bornstein da Bellack da Hersen, suka wallafa aikin da suka yi da yara huɗu 'yan shekara takwas zuwa goma sha ɗaya, waɗanda aka lura ba sa iya kare kansu. Wani yana karanta wa yaro labarin abin da ya faru, wani ya fito a matsayin abokin da ya shiga haƙƙinsa ya jefa masa magana, a ɗauki amsar yaron a bidiyo. Sun auna ƙarfin murya, da yawan kallon ido, da ko yaron ya nemi ɗayan ya sauya abin da yake yi. Bayan an horar da yaran ta hanyar bayani da nuni da maimaitawa da gyara, dukansu sun sauya, kuma da aka sake gwada su bayan mako biyu da bayan mako huɗu, sauyin yana nan. Tsarin da za mu koya yanzu daga wannan ya samo asali, sai dai mun sauya labaran da ma'aunin su dace da mu.

Yadda ake shiryawa

Gwajin ya fi dacewa da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu. Ana buƙatar manya biyu, in an sami uku ya fi: mai ba da labari, mai fitowa a wasan, da mai lura. A zaɓi wurin da ba taro, kamar tsakar gida bayan an watse, ko aji bayan an tashi. Kada a yi a gaban ƙanne da yayye masu dariya.

Wa zai fito a wasan? A nan sai an yi tunani. Baba ta Karo, dattijuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta yi bayani mai yawa a kan waɗanda ake jin kunyarsu da waɗanda ake wasa da su a cikin dangi. Har yau abin bai gushe ba. Ɗan fari ba zai sake a gaban mahaifinsa ba, ko da kuwa a waje shi ne sarkin surutu. Jika kuma zai gaya wa kakarsa duk abin da ya ga dama, tunda abokiyar wasansa ce. In uba ya yi gwajin, za a ga yaro ya fi yadda yake sanyi. In kaka ta yi, za a ga ya fi yadda yake baki. Mafi dacewa shi ne wanda yaro ya sani amma ba mai tsananin nauyi ba, kamar ƙanwar uwa, ko ƙanin uba, ko wata malama da ba ta ajinsu ba. Kaka kuwa a bar mata buɗe fage, ta sa yaro dariya ya saki jiki.

A gaya wa yaro gaskiya: “Wasa za mu yi irin na tashe. Zan ba ka labari, Kawu zai fito a wani mutum, kai kuma ka yi abin da ka saba yi. Ba duka, ba faɗa, in ka gaji ka ce ka gaji.” Kada a ce masa ya yi abin da ya kamata, domin yaranmu sun haddace abin da ya kamata. Abin da ya saba yi muke son gani.

Labari biyar ko shida sun isa, kada zaman ya wuce kwata ɗaya na awa. A fara da mai daɗi. Goggo ta zo daga Tudun Wada ta kawo masa tsaraba, ko ta yaba masa a kan wankin da ya yi. Yana godiya? Yana karɓar yabo, ko ruɗewa yake yi ya gudu? Sai a kawo na yara suna langa ko 'yar gala-gala shi kuma yana son shiga. Sai na abokin da ya faɗi ya ji ciwo, ko wanda aka yi wa rasuwa. Iya zama da mutane ya haɗa da waɗannan duka, har da iya ba da haƙuri in shi ne da laifi.

Daga nan a shiga masu wuya. Ga layin ɗiban ruwa: mai labari ya ce, “Kin daɗe a layin famfo, saura mutum ɗaya ya zo kanki, sai wata sa'arki ta zo ta ajiye bokitinta a gabanki.” Mai wasa ta ce, “Matsa, sauri nake yi.” Sai a yi shiru a jira. Kada a taimaka mata, kada a yi mata ido. In ta amsa, mai wasa ta ƙara matsawa sau ɗaya: “To ba zan ɗauke ba, ki yi abin da za ki yi.” Wannan matsi na biyu shi ne zuciyar gwajin. Yara da yawa suna iya magana ta farko, amma da an tsaya musu sai ko dai su janye ko su kai hannu.

Sai na mai shago da canji, wanda muka riga muka gani. Sai na makaranta: an fasa wani abu a aji, Malam ya nuna shi ya ce shi ne. Ana so a ji ko zai iya cewa, “Allah gafarta Malam, wallahi ba ni ba ne, lokacin ina waje,” ko kuwa kuka zai fashe da shi, ko ƙunƙuni. Ga waɗanda suka haura shekara goma, a kawo na abokai: “Zo mu gudu kallon ƙwallo, in ba ka zo ba kai matsoraci ne.” Ana iya sauya ƙwallon da sigari ko sholisho ko kwalbar maganin tari. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya yi wa matasa illa, kuma sau da yawa wanda ya faɗa shaye-shaye aboki ne ya fara miƙa masa, shi kuma ya kasa cewa ba ya so.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma ina roƙon duk uwar da take ɗora wa 'yarta talla kada ta tsallake shi. Mai labari ya ce, “Kina tallan gyaɗa, wani mutum a ƙofar gida ya kira ki ya ce ya saye duka.” Mai wasa ya ce, “Yarinya, shigo ciki ki karɓi kuɗinki.” In ta ƙi, ya ƙara: “Haba 'yata, ni fa kamar babanki ne. In ba ki shigo ba, ba kuɗi.” Iyakar wasan ke nan, ba taɓawa, ba tsoratarwa, ba ƙarin wata magana. Amsar da ake fata ita ce irin wannan: “Baba, a gida an hana ni shiga, zan jira a nan.” In ya dage, ta tafi ta bar kuɗin, ta je ta gaya wa uwarta. Yarinya da yawa za ku ga ta ɗaga ƙafa za ta shiga. In kun tambaye ta dalili, sau da yawa za ta ce tsoron komawa gida ba kuɗi take yi. To a nan gwajin ya nuna abin da uwa za ta gyara a wurinta: ta faɗa wa 'yarta da bakinta, tun yau, cewa ba za a taɓa dukanta a kan kuɗin da ta bari don ta tsira ba. Yara maza masu aike su ma a yi musu wannan labarin, domin su ma ba su tsira ba.

Abin da mai lura zai duba

Mai lura ya riƙe takarda, ya ja layi ga kowane labari. Ko wanda bai daɗe da fara rubutu ba zai iya, tunda lamba uku ce kawai: 0 in yaro bai yi abin ba, 1 in ya yi rabi-rabi, 2 in ya yi sosai. Zai duba ko yaro ya yi sallama ko gaisuwa a inda ta dace, ko muryarsa ta fito har an ji, ko ya faɗi abin da yake so a fili, ko ya tsaya bayan matsi na biyu, ko harshensa ya tsira daga zagi da gatse, sannan ko ya san lokacin da ake barin gardama a nemi babba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Yaron da ya tsaya yana ja-in-ja da ƙato a lungu da magariba bai nuna hankali ba, komai daɗin bakinsa.

Sai batun ido. Masu binciken Amurka sun ɗauki kallon ido a matsayin alamar ƙarfin hali, domin a wurinsu yaron da ya kau da kai ana ganin tsoro yake ji ko ƙarya yake yi. In muka ɗauko wannan ma'aunin yadda yake, za mu zalunci yaran da suka fi kowa tarbiyya. Yaron birni da ya ƙura wa dattijo ido, tsaurin ido ya yi. Saboda haka a labarin da ya haɗa yaro da babba, kada a cire masa maki don ya sunkuyar da kai ko ya russuna; kunne za a sa a ji abin da bakinsa ya faɗa. Amma a labarin sa'a da sa'a, kamar na layin famfo, in har a nan ma ba ya iya ɗaga kai, yana murza bakin riga yana ja da baya, a rubuta. Kuma ma'auni ɗaya ne ga mace da namiji. Kada abin da aka kira jarumta a wurin yaro ya zama tsiwa a wurin yarinya.

In manya biyu ne suka lura, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan a gwama. Inda suka saɓa, a tattauna. Sau da yawa za a tarar ɗaya yana auna yaron ne da abin da ya riga ya sani game da shi, ko game da gidansu.

Iyakar wannan gwaji

Wajibi ne ku san cewa masanan da suka ƙirƙiro wannan hanya su ne kuma suka nuna rauninta. A 1981 Van Hasselt da Hersen da Bellack suka gwama makin da yara suka samu a wasan kwaikwayo da yadda aka gan su suna yi a zahiri, da abin da malamansu da 'yan ajinsu suka faɗa a kansu. Dacewar kaɗan ce. Har ma yaro ɗaya in an sake gwada shi, makinsa yakan sauya.

Dalilin a fili yake. A wasa yaro ya san Kawu ba zai mare shi ba. Wani yaron gwanin kwaikwayo ne, zai burge ku a tsakar gida, ya je gaban mai shago na gaske ya kasa cewa uffan. Wani kuma idon manya ne ya daskarar da shi, alhali a cikin sa'o'insa shi ne mai raba faɗa. Wasan yana nuna ko yaro ya san abin da zai faɗa kuma bakinsa yana iya furta shi. Ko zai faɗa ranar da abin ya zo da gaske, wannan sai an haɗa da wasu shaidu.

Shaidar farko ita ce ido. Ku lura da shi a inda bai san ana kallonsa ba. Daren tashe dama ce babba, musamman lokacin da aka dawo za a raba abin da aka samu: wa yake rabo, wa aka danne ya yi shiru, wa ya tayar da rigima, wa ya ce a ba ƙaramin cikinsu nasa? Shaida ta biyu malaminsa, na allo ko na boko. Ta uku yaron da kansa, a tambaye shi bayan wasa, “Irin wannan ya taɓa faruwa da kai? Me ka yi?” Bayan mako biyu a sake gwajin da labarai masu kama da na farko.

Kada a yi saurin laƙaba wa yaro suna. Kafin a ce matsoraci ne, a bincika ko kunnensa yana ji sosai, ko i'ina ce take sa shi gudun magana, ko yunwa, ko sabon zuwa ne riƙo bai saba da gidan ba, ko maraici ne bai sake shi ba. Mai zafin kai shi ma sau da yawa abin da ake yi masa ne yake ramawa a kan na ƙasa da shi. Takardar maki kuma sirri ce, ba a nuna wa maƙwabta, ba a yi wa yaro gori da ita.

Daga gwaji zuwa gyara

Inda aka ga rauni, da wasan ake gyarawa. Babba ya karɓi matsayin yaron ya nuna yadda ake yi, yaro ya maimaita, a yaba abin da ya yi daidai kafin a gyara saura, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Yau murya, jibi tsayawa bayan matsi. Ana iya juya wasan, yaro ya zama mai shago, babba ya zama ɗan aike. Yara suna son wannan, kuma a nan ake jin irin maganganun da ake gaya musu a waje. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke nan Zariya ta yi shekaru tana tara 'yan mata ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin wata babba mai jagora, ana koya musu karatu da lissafi tare da yadda za su bayyana buƙatarsu ga iyaye da manya cikin ladabi.

Amma horon ba zai kama ba in gida bai ba da ƙofa ba. Yaron da duk ranar da ya ce “ba ni ba ne” sai an kwaɗa masa mari, ya riga ya koyi cewa shiru ya fi masa lafiya, kuma wannan darasin zai bi shi har waje.

Wani lokaci ana cikin wasa sai yaro ya fashe da kuka, ko jikinsa ya hau rawa, ko ya ce, “Ai wane ya taɓa ce mini haka.” Nan take a tsayar da wasa. Kada a yi salati da kururuwa, kada a tsare shi da tambayoyi, kada a ce ƙarya yake yi. A saurare shi, a gaya masa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. In akwai alamar an taɓa shi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, kuma akwai cibiyar Salama mai kula da irin wannan a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Ita kanta mai sunan asibitin, wadda ta rasu a 2001, 'yar Zariya ce da ta sha ɗauri saboda ta ƙi yin shiru a kan haƙƙin mata da talakawa. Rufa asirin da ake yi don gudun surutun unguwa, mai laifin yake karewa, ya bar shi ya koma kan wani yaron.

Aiki

A cikin aji, ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama yaro, ɗaya mai wasa, ɗaya mai lura, ku gwada labarin layin famfo da na mai shago, sannan ku sauya matsayi har kowa ya taɓa riƙe takarda. Bayan haka ku tattauna waɗannan:

1. Mene ne bambancin yaro mai haƙuri da yaro mai tsoro, kuma ta yaya za a gane shi a wasa?
2. Me ya sa ba a cire maki don yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba?
3. Wane abu ne yake faruwa da yara a unguwarku wanda ba a kawo shi a darasin nan ba? Ku tsara masa labari da matsi na farko da na biyu.

A gida kuma, kowa ya zaɓi yaro ɗaya nasa ko na riƙonsa, ya nemi yardarsa, ya gwada labari uku: ɗaya mai daɗi, biyu masu wuya. In ɗan wani ne, sai da izinin iyayensa. Ku zo da takardar mako mai zuwa. Ku rubuta shekarun yaron da ko mace ce ko namiji, amma kada ku rubuta sunansa.